Fuskar da Ba a Siffanta Ba: Yadda Gardama a Kan Hoto Ta Gina Fasahar Kirista

Babu ko ɗaya daga cikin marubutan bishara huɗu, wato Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, da ya faɗi yadda fuskar Yesu Almasihu take. Ba su ce dogo ne ko gajere ba, ba su ambaci launin fatarsa ko yanayin sumarsa ba, ba su kuma ce yana da gemu ko ba shi da shi ba. Duk da haka, da wuya a sami wata fuska a tarihin ɗan Adam da aka zana, aka sassaƙa, aka ƙera da zinariya da gilashi kamar tasa. Wanda ya zaga manyan gidajen adana kayan tarihi na Turai zai iya ɗauka cewa addinin Kirista da zane tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su. Lamarin ba haka yake ba. Sai da aka shafe ɗaruruwan shekaru ana kai ruwa rana, aka tuɓe shugabannin ikilisiya daga kujerunsu, aka kankare bangon majami'u, aka kori wasu daga ƙasarsu, kafin hoto ya sami gindin zama, kuma har yau ba dukan Kiristoci ne suka yarda da shi ba. A ganina, ba za a fahimci wannan fasaha ba sai an karance ta a matsayin 'yar gardama, domin masu ƙin hoto suna da hannu a kamannin da ta ɗauka daidai da masu sonsa.

Tushen matsalar yana cikin Littafi Mai Tsarki kansa. A sura ta 20 ta Littafin Fitowa, cikin Dokoki Goma, an hana yin gunki ko siffar wani abu da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa, an kuma hana rusuna musu da bauta musu. Amma surori biyar kawai bayan wannan, a cikin littafin guda, an umarci Musa ya sa a ƙera kerubobi biyu na zinariya, wato siffofin halittun sama masu fukafukai, a kan murfin akwatin alkawari. A Littafin Ƙidaya kuma an umarce shi ya ƙera maciji na tagulla ya ɗora a kan sanda, domin wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Sai ga shi bayan ƙarnuka, kamar yadda Littafin Sarakuna na Biyu ya ba da labari, Sarki Hezekiya ya farfasa wannan macijin saboda jama'a sun koma ƙona masa turare. Labarin macijin ya tattare dukan rikicin da zai biyo baya: abin da aka yi shi da izini domin ya nuna hanya, yana iya rikiɗa ya zama shi ne abin da ake tsayawa a kansa. Kowane ɓangare na gardamar yana da ayar da zai riƙe, shi ya sa ba a taɓa kashe maganar da jan aya kaɗai ba.

Kiristocin farko suna da ƙarin dalilin ƙyamar siffa. Sun rayu ne a daular Rumawa, inda kowace kasuwa da kowane dandali ke cike da gumaka, inda kuma mutum-mutumin sarki ya zama ma'aunin biyayya. Wajen shekarar 112, wani gwamnan Rumawa mai suna Filini ya rubuta wa Sarki Tarajan cewa yana gwada waɗanda ake zargi da bin Almasihu ta hanyar sa su miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar sarkin, wanda ya ƙi kuwa ya tona kansa. Mutanen da ake kashewa saboda sun ƙi rusuna wa siffa ba za su yi gaggawar ƙera tasu ba. Da suka fara zane, sai suka fara da alamu. Kilimanti na Iskandariya, wajen shekarar 200, ya shawarci masu bi da su sa kurciya ko kifi ko jirgin ruwa ko anka a hatimin zobensu. A makabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Roma, daga ƙarni na 3, abin da aka fi gani shi ne makiyayi ɗauke da tunkiya a kafaɗa, da Yunusa yana fitowa daga cikin kifi, da Daniyel a tsakanin zakoki, duk labaran kuɓuta ne daga mutuwa, waɗanda suka dace da wurin binne mamaci. A garin Dura-Yurofos da ke bakin kogin Furat a Siriya, an tono wani gida da aka mayar wurin ibada kafin garin ya faɗi wajen shekarar 256, kuma a bangon ɗakin baftismarsa akwai zanen Yesu yana warkar da shanyayye da kuma yana tafiya a kan ruwa. A waɗannan zane-zane na farko shi saurayi ne marar gemu, sanye da tufar malamin zamaninsa.

Abin da babu shi a nan ya fi abin da ke akwai ba da mamaki, domin gicciye, wanda a yau shi ne alamar addinin a ko'ina, kusan ba a zana shi da mutum a kansa. A lokacin ana gicciye bayi da 'yan tawaye a bainar jama'a, kuma abin kunya ne da ba a son ambatonsa. Ɗaya daga cikin tsofaffin zanen gicciye da suka rage ma na izgili ne: wani ya karta shi a bango a Roma, mutum mai kan jaki a rataye, da rubutun ba'a ga wani Kirista. Sai a ƙarni na 5, bayan an daina wannan nau'in hukunci, aka ga gicciyewar a sassaƙe a ƙofar katako ta majami'ar Santa Sabina a Roma, kuma ko a can tana cikin ƙaramin gurbi ne a sama, mai gicciyuwar a tsaye da idanu a buɗe, babu alamar azaba.

Sauyin ya zo ne da mulki. Bayan Sarki Kustantin ya halatta addinin a shekarar 313, ikilisiya ta tashi daga ɓoyayyun gidaje ta koma manyan gine-gine masu faɗin bango, kuma masu zanen fada suka juya gwanintarsu gare ta. Makiyayin jiya ya zama mai mulki a kan kursiyi, cikin tufafin shunayya da zinariya. Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Tun a farkon ƙarni na 4, taron bishop-bishop a Elbira da ke Sifaniya ya yanke cewa kada a sa hotuna a majami'a, don kada a zana abin da ake bauta wa a bango. Wajen shekarar 600, da bishop na Marsai a Faransa ya farfasa hotunan majami'arsa, Fafaroma Girigori Babba ya rubuta masa yana yaba masa a kan hana sujada ga hoto, yana kuma tsawata masa a kan farfasawar, da hujjar cewa abin da rubutu yake ga mai karatu, shi ne hoto ga wanda bai iya karatu ba. Wannan hujja ta zama madogarar ikilisiyar Yamma na tsawon shekaru dubu, amma tana da rauni a fili. Jama'a ba karanta hotunan kawai suke yi ba. Suna sumbatarsu, suna kunna musu kyandir, suna neman waraka a gabansu, suna zaga ganuwar birni da su idan abokan gaba suka yi ƙawanya. Ba haka ake yi wa littafin koyon karatu ba.

Wanda yake son ganin ƙarfin irin wannan hoto, ya dubi allon Almasihu da ke gidan zuhudu na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i, wanda aka zana a ƙarni na 6 da launi da aka kwaɓa da narkakkiyar kakin zuma. Fuska ce mai gemu da doguwar suma, hannun dama a ɗage yana sa albarka, na hagu riƙe da littafi mai ado da duwatsu. Sai an ƙura ido ake gane cewa ɓangarorin fuskar biyu ba daidai suke ba: ido ɗaya a natse yake, ɗayan kuwa ya fi girma, girarsa a ɗage, kumatun gefensa a cikin inuwa. Masu sharhi da yawa suna karanta wannan a matsayin nuni ga jinƙai da shari'a, ko ga allahntaka da mutuntaka a jiki guda. Ko ma mene ne nufin mai zanen, wanda ya tsaya a gabansa ba ya jin kamar yana kallon labari, yana jin kamar ana kallonsa ne. Daga nan fuskar mai gemu ta kafu har ta zama ita ce kowa ke ganewa.

Rikicin ya fashe ne a daular Rumawa ta Gabas, mai hedikwata a Kustantiniya, wato Istanbul ta yau. A cikin ƙarni guda daular ta rasa Siriya da Masar da Arewacin Afirka ga rundunonin Musulmi, an yi wa babban birninta ƙawanya a 717 zuwa 718, sannan a 726 dutse ya yi aman wuta a tsibirin Tera. Ga mutanen da suka ɗauki kansu sabuwar Isra'ila, tambayar da ta taso ita ce wane zunubi ne ya jawo wannan fushi, amsar da ke kusa kuwa ita ce wadda Tsohon Alkawari ya saba bayarwa, wato bautar gumaka. A zamanin Sarki Liyo na Uku aka fara juya wa hotuna baya, ɗansa Kustantin na Biyar kuma ya tara bishop-bishop 338 a Hiyeriya a shekarar 754 suka haramta su. Ana yawan cewa daga Musulunci suka kwaikwayi wannan, amma maganar ta yi sauƙi da yawa. Nasarorin Musulmi sun tayar da tambayar, sai dai hujjojin da aka yi amfani da su na cikin gida ne, sun fito daga tsohuwar muhawarar Kiristoci a kan ko wane ne Almasihu.

Hujjar Kustantin na Biyar tana da kaifi, kuma bai kamata a raina ta ba. Taron Kalkidon na shekarar 451 ya tabbatar da akidar cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum, ba a cakuɗa ɗabi'un biyu, ba a kuma raba su. To, in ji masu ƙin hoto, mai zane me yake zanawa? In ya ce allahntakar yake zanawa, ya yi ƙarya, domin ba ta da iyaka balle a kewaye ta da layi. In ya ce mutuntakar kaɗai yake zanawa, ya raba abin da aka ce ba ya rabuwa. Ta ko'ina ya bi ya faɗa cikin ɓata. Saboda haka, a wurinsu, siffa ta gaskiya guda ɗaya ce Almasihu ya bari, ita ce gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, alamar da ta halatta a bango kuwa gicciye ne tsura. Har yau a majami'ar Hagiya Irini a Istanbul akwai irin wannan gicciye, baƙin layi a kan zinariya, babu fuska ko ɗaya.

Amsa mafi ƙarfi ta zo ne daga wani mai zuhudu, Yahaya na Dimashƙu, wanda danginsa suka yi aiki a fadar halifofin Umayyawa. Abin lura ne cewa yana zaune a ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin Musulmi, inda hannun sarkin Kustantiniya ba ya kaiwa, kuma wannan dalilin ne ya tsirar da tsofaffin allunan Sina'i. Yahaya ya amince cewa a zamanin Musa ba a iya zana Allah, domin ba wanda ya gan shi. Amma tunda, a imanin Kirista, Kalman Allah, wato Almasihu, ya zama mutum ya zauna a cikin mutane, an gan shi, an taɓa shi, ya ci ya sha, to abin da ido ya gani hannu yana iya zanawa. Ya ce ba katako ko launi yake bauta wa ba, Mahaliccinsu yake bauta wa, wanda ya ɗauki jiki domin ceto. Daga baya Tiyodo na gidan zuhudun Situdiyos ya warware ƙullin Kustantin na Biyar da cewa hoto ba ɗabi'a yake nunawa ba, mutum takamaimai yake nunawa, kamar yadda wanda ya rungumi hoton mahaifiyarsa da ta rasu ba ruhinta ko jikinta yake rarrabewa ba, ita yake tunawa. Ya ma juya zargin: wanda ya ce ba a iya zana Almasihu, yana cewa ke nan bai zama mutum na gaske ba. Taron Nikiya na biyu a 787, a ƙarƙashin Sarauniya Irini, ya halatta hotuna, ya bambanta sujada, wadda ta Allah ce kaɗai, da girmamawa, wadda ake yi wa hoto ta wuce zuwa ga mai hoton. An sake haramta hotuna a 815, sannan Sarauniya Tiyodora ta maido da su a 843, kuma ikilisiyoyin Otodoks suna bikin wannan rana har yanzu a Lahadin farko ta babban azuminsu. Sai dai a tuna cewa waɗanda suka yi nasara ne suka rubuta tarihin, suka kuma lalata rubuce-rubucen abokan hamayya, shi ya sa masana na zamani da dama suke ganin an zuzuta yawan ɓarnar da aka yi.

Nasarar ta zo da sharaɗi, kuma a nan ne hannun masu ƙin hoto ya bayyana. Tunda an halatta hoto ne saboda yana nuna mutum na gaske, mai zanen Gabas ba shi da 'yancin ƙirƙiro fuska daga kansa. Yana bin siffar da aka gada, yana rubuta sunan mai hoton a jiki, yana shimfiɗa zanen ba tare da zurfin da zai ruɗi ido ba, yana kuma guje wa mutum-mutumi mai tsayuwa da kansa, wanda ya fi kama da gunkin Rumawa. Hujjar kuma ba ta ba da izinin zana Allah Uba ba, domin shi bai ɗauki jiki ba. Shi ya sa da mai zanen Rasha Andire Rublof ya so nuna Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, a farkon ƙarni na 15, sai ya zana baƙi uku da suka ziyarci Ibrahim a sura ta 18 ta Littafin Farawa, suna zaune kewaye da tebur guda.

Yammacin Turai ta bi wata hanya. Hukuncin Nikiya ya isa fadar Sarki Shalaman cikin gurɓatacciyar fassarar Latin da ta sa ya yi kama da umarnin sujada ga hoto, har taron Farankfot na 794 ya ƙi shi. Ga malaman Yamma hoto abin tunatarwa ne da koyarwa, ba shi da tsarki a kansa, kuma wannan ƙaramin matsayi shi ya sakar wa mai zane mara. Tunda aikin hoto shi ne ya motsa zuciya, sai aka shiga neman abin da ya fi motsa ta. Gicciyen Gero da ke babbar majami'ar Kolon a Jamus, na ƙarshen ƙarni na 10, ya nuna Almasihu matacce, kai a sunkuye, ciki a zube. A 1223 Faransis na Asisi ya shirya komin dabbobi da sa da jaki na gaske a ƙauyen Gireco domin mutane su ga talaucin haihuwar da idonsu, kuma ana danganta yaɗuwar wannan al'adar Kirsimeti da shi. Wajen 1305 Joto ya zana mala'iku suna murɗewa da kuka a sararin sama a wata ƙaramar majami'a a Faduwa. Ƙarshen wannan hanya shi ne allon bagaden Isenhaim, wanda Matiyas Gurunewal ya zana tsakanin 1512 da 1516 domin asibitin wasu masu zuhudu da ke jinyar masu cutar da gurɓataccen hatsi ke haddasawa, mai ruɓar da gaɓoɓi. Jikin da ke kan gicciyen kore-kore ne, cike da miki da tsinin ƙaya, yatsun hannu a ƙage suna kallon sama, ƙafafu a murɗe a kan ƙusa guda. Majinyacin da aka kawo gabansa yana ganin fatarsa ce a jikin wanda yake kira Mai Ceto. Ina ganin babu wani wa'azi a rubuce da ya isar da akidar zama mutum kamar yadda wannan allo ya isar da ita.

Amma 'yancin ya wuce inda hujjar 787 ta tsaya. Da Mikelanjelo ya zana rufin majami'ar Sistin tsakanin 1508 da 1512, ya nuna Allah Uba a siffar dattijo mai furfura da ƙarfin damtse, yana miƙa yatsa ga Adamu. Gwaninta ce da ba ta da na biyu, sai dai Yahaya na Dimashƙu ba zai iya kare ta da hujjarsa ba. Ga kuma batun kuɗi, wanda ya daɗe yana ci wa wasu tuwo a ƙwarya. Tun a ƙarni na 12, yayin da Suje, shugaban gidan zuhudun San Deni, yake cika majami'arsa da tagogin gilashi masu launi da imanin cewa hasken da ake gani yana ɗaga zuciya zuwa ga wanda ba a gani, Bana na Kilebo yana ƙorafin cewa bangon ikilisiya na ƙyalli alhali matalautanta suna tsirara. Sake gina majami'ar Bitrus a Roma, wanda aka fara a 1506, an tallafa masa da sayar da takardun sassaucin horon zunubi, kuma su ne Martin Luta ya yi wa tawaye a 1517.

Masu gyaran ikilisiya, wato Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, ba su zama baki ɗaya ba. Da aka fara farfasa hotuna a Witenbag a 1522, Luta ya fito daga maɓoyarsa ya yi wa'azi a kan hakan, yana cewa a cire gunki daga zuciya tukuna, na bango ba zai cutar ba, kuma amininsa Lukas Kiranak ya ci gaba da zana allunan bagade. A Zurik kuwa, a ƙarƙashin Zuwingili, an kwashe hotuna a 1524 aka shafe bango da farar ƙasa, har kiɗa aka dakatar. Kalbin a Janeba ya bar rera Zabura kawai, ba tare da kayan kiɗa ba. A 1566 guguwar farfasa siffofi ta ratsa ƙasashen Holan da Beljiyam na yau. An yi asarar ayyuka masu yawa, amma fasahar ba ta mutu ba, ƙaura ta yi. Masu zanen Holan da suka rasa cinikin majami'a suka koma zana gidaje da gonaki da fuskokin 'yan kasuwa, labaran Littafi Mai Tsarki kuma suka koma alluna na rataya a ɗaki, irin na Rembaran, inda ɗan da ya ɓace yake durƙushe da tsagaggen takalmi, hannuwan tsohon ubansa a bayansa. A ƙasashen mabiya Luta kuwa nauyin ya koma kunne: waƙar taron jama'a cikin harshensu, wadda ta kai ƙololuwa a ayyukan Yohan Sebastiyan Bak, mai kula da kiɗan majami'un Laifzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750.

Ikilisiyar Katolika ta mayar da martani a taron Tirento a 1563, inda ta tabbatar da hotuna amma ta sa bishop-bishop su sa ido a kansu. Nan ma sukar abokan hamayya ce ta tsara abin da ya biyo baya. A 1565 aka sa wani mai zane ya rufe tsiraicin da ke zanen Ranar Shari'a na Mikelanjelo. A 1573 kotun bincike ta ikilisiya a Benis ta kira Fawolo Beroneze ta tambaye shi abin da ya kawo wawaye da wadanni da sojojin Jamus cikin zanen jibin ƙarshe na Almasihu, aka ba shi wata uku ya gyara, shi kuwa sai ya sauya wa zanen suna ya mai da shi liyafa a gidan Lawi, ya bar kowa a inda yake.

Akwai wata tambaya da hujjar zama mutum ta haifar, wadda ta fi damun zamaninmu. In dalilin zana shi shi ne cewa yana da fuska takamaimai, fuskar Bayahuden Galili na ƙarni na 1, alhali ba wanda ya adana ta, to fuskar wa ake ara masa? Tun a ƙarni na 5 Agustin na Hifo ya lura cewa kowa yana suranta fuskar Ubangiji yadda tunaninsa ya ba shi, ko da yake guda ɗaya ce. A aikace kowace al'umma tata ta ba shi. Habasha, wadda sarkinta Ezana ya sa gicciye a kuɗinsa tun ƙarni na 4, tana da littattafan bishara na Garima masu zane, waɗanda suke cikin mafiya tsufa a duniya, da salonta na manyan idanu da launuka masu ƙarfi. A Faras ta ƙasar Nuba, inda masu tono daga Folan suka ceto zane-zanen bango tsakanin 1961 da 1964 kafin ruwan madatsar Aswan ya rufe wurin, an ga bishop-bishop masu duhun fata a tsaye ƙarƙashin kariyar tsarkaka. Maƙeran masarautar Kongo, bayan baftismar sarkinsu a 1491, sun zuba gicciyen tagulla da siffofin ƙasarsu. A Jafan, lokacin da aka haramta addinin aka riƙa tilasta wa mutane taka hoton Almasihu da ƙafa don a gane masu bi, Kiristocin ɓoye sun riƙa girmama Maryamu a siffar Kanon ta addinin Budda. A Oye-Ekiti, daga 1947, limaman Katolika suka buɗe wurin aiki inda masassaƙan Yarabawa, ciki har da Lamidi Fakeye wanda Musulmi ne, suka sassaƙa labaran bishara da salon gargajiyarsu.

Saboda haka, cewa Turawa sun zana shi Bature ba shi ne laifin ba, domin abin da kowa ya yi ke nan. Matsalar ta zo ne lokacin da na'urar ɗab'i da mulkin mallaka da mishan suka ɗauki siffar wata al'umma guda suka raba ta ga duniya a matsayin ainihin kamanninsa. Zanen kan Almasihu da Ba'amurke Wana Salman ya yi a 1940, mai farar fata da suma mai ruwan zuma, an buga shi ɗaruruwan miliyoyin kofe a kalanda da katin addu'a, har mutane da yawa suka taso suna jin duk wata fuska daban kuskure ce. A nan tsohon gargaɗin masu ƙin hoto ya sami gaskiyarsa, domin siffar ta shiga tsakanin mai kallo da wanda take nunawa.

Yau yawancin waɗannan ayyuka ba sa inda aka yi su domin su zauna. Allon Isenhaim yana gidan tarihi a Kolma, an rarraba fukafukansa, wato sassansa da ake naɗewa, don masu yawon buɗe ido su ga kowane gefe lokaci guda, alhali a da ana buɗe su ne bisa ranakun idi. A 2017 aka sayar da wani zanen Almasihu da ake dangantawa da Liyonado da Binci a kan dala miliyan 450 a Niyok, farashi mafi tsada da aka taɓa biya a gwanjon zane. Gidan tarihi yana kare launi da katako, amma yana mai da abin addu'a abin kallo, majami'a kuwa tana maido masa da aikinsa tare da hayaƙin kyandir da danshin numfashin jama'a, waɗanda ke cinye shi a hankali. Wannan saɓani ya fito fili a Rasha a 2023, lokacin da gwamnati ta ba da umarnin a miƙa Triniti na Rublof, wanda ya kasance a gidan zane na Tiretiyakof a Mosko tun 1929, ga ikilisiyar Otodoks. Masana gyaran zane sun yi gargaɗin cewa allunan katakonsa suna motsi, launinsa yana ɓamɓarewa, ba zai jure sauyin yanayi ba, shugabannin ikilisiya kuwa suka ce ba don a rataye shi a gidan kallo aka zana shi ba. An ɗauke shi zuwa babbar majami'ar Almasihu Mai Ceto a watan Yuni na shekarar, a cikin akwatin gilashi, jama'a suka yi dogon layi suna girmama shi, masu gyaran zane kuma suna ci gaba da ƙorafi a kan zafi da danshin wurin.